'Yar Tayar da Jibo Ke Murzawa

Jibo taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Saboda haka ina da damar faɗin abin da na ga dama a kansa, shi ma yana da tasa a kaina, kuma ba mu taɓa barin wannan dama ta yi tsatsa ba. Ni ne Dauda mai rediyo. Rumfata tana bakin kwalta a Dogon Dutsi, daura da inda 'yan kabu-kabu ke fakewa in rana ta take. Sunan rediyo ne kawai ya manne mini, amma yanzu waya nake gyarawa, da fitilar caji, da duk wani tarkacen da mai shi ya kasa jefarwa.

Tun muna yara Jibo bai cika zama inda jikinsa yake ba. In aka tura mu korar tsuntsaye a gonakin gero na wajen Lugu, ni ina ihu ina kaɗa gwangwani, shi yana zaune bisa tudu ya saki baki yana kallon yadda tsuntsayen ke juyawa a sama kamar hayaƙi, har su sauko su ci su ƙoshi. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Da aka zo neman yaran da za a kai lakwal, wato makarantar boko, ubansa bai yi dogon tunani ba, ya miƙa wanda ba ya korar tsuntsu.

Haka Jibo ya zo Dutsi. An saukar da shi gidan wani malami mai ɗinkin hula, kuma a nan ya koyi salla, don gidajenmu a lokacin na mutanen da ne, an fi sanin garaya da ƙwaryar bori a kan allo. Malamin ya ga yaron mai shiru ne, sai ya ba shi carbi na baƙin itace. Ban taɓa ganin kyauta ta dace da mutum kamar wannan ba. Hankalin Jibo dai bai daina tafiya ba, amma yanzu ya samu igiyar da zai riƙe in ya tafi. Da ya gama karatu ya zama mai buga takardu a wani biro, wato ofishin gwamnati, ya yi shekaru yana dukan keken rubutu har yatsunsa suka yi kanta. Da safe yatsun na gwamnati ne, da yamma na Allah. Ya auri Kaltume, ya gina ɗakuna biyu a gindin dutse, bai yi arziki ba, bai kuma nemi na kowa ba.

Ɗansu na fari shi ne Abdulwahid. Jibo mutumin da ne wajen kunyar ɗan fari: bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in zai yi zancensa sai ya ce "yaron Kaltume." Wanda bai san mu ba sai ya ɗauka ba ya son yaron. Ni kuwa na sha ganinsa yana bin bayansa daga nesa har ƙofar lakwal, yana yi kamar hanya ce ta haɗa su.

Yaron ya girma, ya shiga kasuwanci tsakanin Yamai da Birnin Kebbi, ya dawo da gemu da wando ɗagagge da karatu mai yawa a baki. Yaron kirki ne, ba ya ƙarya, ba ya cin na mutane, sai dai a lokacin bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ranar sunan 'yarsa ta fari, da safe, maza sun cika tabarmi, Jibo yana can gefe yana jan carbinsa. Sai Abdulwahid, yana hira da abokansa amma da muryar da kowa zai ji, ya ce tasbihi da gaɓoɓin yatsu aka koyar, wannan igiya mai ƙwayoyi ƙari ce da aka shigo da ita daga baya. Bai ambaci ubansa ba. Ba sai ya ambata ba, don duk idon da ke wurin ya sauka a hannun Jibo. Jibo ya tattara carbin ya sa aljihu, ya jira aka shafa fatiha, ya tashi ko goro bai ɗauka ba.

Ni mai rediyo ne, ba malami ba, ban san wanda ke da gaskiya a wannan zance ba. Abin da na sani shi ne ranar raina ya ɓaci har na kasa cin abinci. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, uba da ɗa suna gaisawa a hanya kamar maƙwabtan da ba su saba ba. Kaltume ta rame. Jibo kuwa na lura ya daina bi ta layin da yaron yake.

Ana cikin haka Jibo ya ajiye aiki, Abdulwahid kuma ya buɗe shagon fotokofi da buga takardu kusa da makarantu, yana neman wanda zai zauna a kan kwamfuta. Kaltume ce ta yi ta kai da kawowa har magana ta ɗaure. Safiyar da Jibo zai fara aiki ya biyo ta rumfata, na ga aljihun rigarsa a kwance. Na tambaye shi ina carbin. Ya ce ya ba wani tsoho mai komawa ƙauyen Kiéché. Ba wanda ya ce ya bayar, shi ya ga hakan. Na yi masa faɗa, na ce masa ragon banza, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Dauda, in ga yaron kullum ya hi min."

To, haka aka yi shekaru. Jibo yana kusurwar shago yana buga wa mutane takardun neman aiki da na gayyatar biki, Abdulwahid yana bakin ƙofa a kan na'urar fotokofi. Suna ya canza daga "yaron Kaltume" ya koma "mai shago." Ba sa hira, amma suna shan shayi daga buta ɗaya, kuma in azahar ta yi tare suke rufe ƙofa. Na ɗauka zancen carbi ya mutu.

Wata rana da damina, an yi ruwa da hantsi, gari ya yi lum, wuta kuma ta ɗauke kamar yadda ta saba in an yi hadari. Ina gyangyaɗi a kan benci sai na ji mutum tsaye a kaina. Jibo ne, ya sa hannu ɗaya cikin riga kamar wanda ya sato kaza. Ya duba dama da hagu, ya fito da wani ƙunshi a cikin hankici. Da ya kwance sai ga suri, wato abin nan mai wutsiyar waya da ake turawa a kan tebur don sarrafa kwamfuta. Tsoho ne, fari ne a da, yanzu ya koma kalar haƙorin mai cin goro. A tsakiyar bayansa akwai 'yar taya, wadda in ka murza ta da yatsa rubutu ke hawa ko sauka.

Ya ce, "Duba min abin ga. Tayar ta daina, ko na murza ba ta kai ko'ina, kuma ta yi tauri."

Na ce, "Kai Jibo, wa ka gyaran suri? In yam mutu a yada shi a ɗauko wani. Mai shago na da su cikin kwali."

"Wanga nika so. Kuma mai shago ya tahi Yamai ɗauko takarda, ina son ka ida kahin shi dawo."

Na yi tsaki, na karɓa, don taubashi ba ya ƙin taubashi ko da kuwa mahaukaci ne. Na kifa shi, na ɓare 'yan robobin da ke ƙasa inda ake ɓoye kusoshinsa masu murɗi, na sa turnabis, wato sukuddireba, na kwance. Da murfin ya ɗaga sai da na ja baya. Cikin ya zama kamar sheƙar tsuntsu: zaren riga, gashin gemu fari, garin goro, duk sun cakuɗe da man kaɗen da Jibo ke shafa wa tsagaggun yatsunsa, sun naɗe sandar tayar sun yi mata rawani. Na ce masa da na san haka ne da na kira masu yasar rijiya. Bai yi dariya ba, ya jawo kujera ya zauna yana leƙe kamar wanda aka kwantar wa da ɗa a asibiti.

Na zare tayar daga mazauninta, na sa allura na warware zaren a hankali. Na naɗa auduga a tsinken ashana, na tsoma a alkol, ruwan nan na goge datti, na goge sandar da ramin da take shiga. Ramin nan yana jikin wani ɗan akwatin ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba, kuma shi ne ke gaya wa kwamfuta cewa an murza. Na ɗaga 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe shi, na buɗe, na wanke baƙin maiƙon da ya toshe shi, na hura, na bar shi ya sha iska. A nan ne na ga abin da ya ɗaure mini kai. A cikin akwatin akwai wani ɗan faifai mai haƙora kewaye da shi, da ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran, shi ke sa tayar ta riƙa yin ƙas, ƙas, a ƙarƙashin yatsa. Haƙoran nan sun cinye ƙaf, faifan ya yi sumul kamar dasashin tsohuwa. Na buɗe kaya da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda aiki ya cinye haka ba.

Na haɗa komai na mayar da kusoshi. Akwai kwamfutar wani malamin makaranta da ke jiran gyara a rumfar, da sauran caji a cikinta, sai na jona. Na murza tayar, rubutu ya gangara, na mayar, ya hau. Laushi kamar an zuba mai, ba tauri, ba ƙara. Na ji daɗin aikina, na tura masa a kan tebur na ce ya biya ni da shayi.

Jibo ya ɗora yatsa ya murza. Bai ko kalli allon ba. Ya sake murzawa, ya karkata kai yana saurare, sai na ga fuskarsa ta faɗi.

Ya ce, "Ba ta magana."

"Wace magana? Ga rubutu nan na sauka."

"Ƙas-ƙas ɗin, Dauda. Ina yat tahi?"

Na ce haƙoran sun cinye, datti ne ma ya riƙe ta har ta kawo yanzu. Sai kuma wani tunani ya faɗo mini. Na ce, "Tsaya. Takardun da kaka bugawa duk shahi guda na, ba su da inda za a gangara. To mi kaka murzawa har ka cinye ƙarhe?"

Ya tsura wa surin ido har na ɗauka ya tafi yawon nasa. Ruwan da ya taru bisa kwanon rumfar yana ɗiga ɗaya bayan ɗaya a cikin wani tsohon gwangwani. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Wuridi nika yi."

Daga nan ya ba ni labari, idonsa na kan kwalta. Ya ce da ya rabu da carbin ya gwada yi da gaɓoɓin yatsu yadda yaron ya ce, wallahi ya gwada. Amma yatsun da suka yi shekaru suna dukan haruffa ba sa jin magana, da ya taɓa gaɓa biyu sai ya tarar suna buga gaisuwar takardar gwamnati a tafin hannunsa. Wata rana da rana tsaka, ba kowa a shagon sai shi da mai shago, yatsansa ya hau tayar nan da kansa. Ƙas, subhanallahi. Ƙas, subhanallahi. Kowane ƙas ƙwaya ɗaya. Bakinsa a rufe, idonsa a kan allo, duk wanda ya gani sai ya ce aiki yake dubawa.

Ya ce in ya kama murzawa shagon kan ja baya a hankali, ƙarar na'ura ta koma kamar ta wani gari. Sai ya ga kansa ya bar kwalta ya kama hanyar gida da ƙafa. Kowane ƙas taki ɗaya. Ya wuce jar ƙasa ya shiga rairayi, sabara na shafar ƙafarsa, ga gawo ya zubar da ganye tsakiyar damina, ga geron da ya fi shi tsawo yana rufe hanya yana buɗewa. Yakan ji ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, yakan ji guga na bugun bangon rijiya tun daga nesa. Wani lokaci har ya hango uwarsa a bakin danga tana sheƙar hatsi, iska na ɗauke ƙaiƙayin. Bai taɓa isa wurinta ba, kullum sai wani ya shigo da takarda ya dawo da shi. Amma ya ce ko hangen ma ya ishe shi, don yana tafe yana ambaton Allah, kuma in ya ɗaga kai ga ɗansa nan tsaye a bakin ƙofa. Duka biyun a wuri ɗaya, abin da ya ɗauka ya rasa har abada.

Sannan ya juyo ya dube ni sosai, abin da bai cika yi ba. Ya ce, "Kak ka hwaɗa mai. In yaj ji, zai ce carbi na koma yi a ɓoye cikin shagonai, kuma gaskiya tai. Sai in zaɓa, ko in bari ko in bar shagon. Na zaɓa sau guda, ban iya na biyu."

Tausayinsa ya kama ni, ni da ban iya tausayi ba sai faɗa. Na zazzage kwalin matattun kayana na samo suri biyu, na buɗe, akwatinsu bai yi tsawo ɗaya da na Jibo ba, sandar tayar ba ta shiga. Washegari na zaga kasuwa na murza duk wanda na gani a teburin masu kayan waya, har suka fara kallona. Na zamani ne duka, masu laushi, an yi su don kada su dami kowa. Da na gaya masa sai ya ce in bari, wataƙila Allah ne ya ga ɓoyon ya isa. Ya naɗe kayansa a hankici ya koma.

Kwanakin da suka biyo baya na riƙa leƙa shagon da sunan neman canjin fitila ko gaisuwa. Jibo yana nan a kusurwarsa, aiki na tafiya, surin na aiki fiye da da. Amma in ba takarda sai ka ga yatsan ya hau tayar, ya murza sau ɗaya, ya tsaya, ya sauka ya kwanta a kan tebur. Ya ce mini kamar tafiya ce bisa laka mai santsi, ba inda ƙafa za ta kama, kafin ya kai bakin gari ya ɓata. Mutumin da na sani da tafiya ya zauna daram a inda jikinsa yake, kuma sai a lokacin na ga tsufansa. Ya fara zancen ciwon baya, ya fara cewa wataƙila bayan girbi zai huta. Kaltume ta aiko tana tambayata ko wani abu ya haɗa shi da yaron. Na ce ban sani ba, na ji haushin kaina da na kowa.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da Abdulwahid ya zo rumfata. Da la'asar ce, ya dawo daga Yamai ko gida bai je ba, da jakar leda a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba, ya ce, "Baba Dauda, ina son ka ba ni wuri kaɗan." Ya zazzage jakar a kan teburina. Suri ne tuli guda, wasu sababbi a kwali, wasu tsofaffi irin na gwanjo, da alama ya sha yawo kafin ya tara su.

Na miƙa hannu zan jawo kwamfuta don ya gwada, ya ce a'a. Ya ɗauki na farko ya kai kunne, ya rufe ido, ya murza tayar. Ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Ni ina zaune da turnabis a hannu ina kallon babban mutum mai gemu yana sauraren suri ɗaya bayan ɗaya, motoci na wucewa a bayansa bai san suna yi ba. Ya ware wani baƙi, ya sake saurarensa, ya gwada shi da wani, ya dawo kansa. Ya ce, "Wanga ya hi kusa da na Baba."

Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Bai ɗago ba. "Tun shekarar hwarko. Rubutu na hawa shina sauka, shi ko ba karatu shikai ba. Kuma na san tahiyar, ta carbinai ta. Da ita nika tashi da asuba ina yaro, daga bayan zana."

Nan fa zuciyata ta hau. Na ce to in ya sani, me ya hana shi shiga kasuwa ya sayo wa ubansa carbi ya miƙa masa da hannu biyu, a huta da wannan wasan yara? Na faɗa masa maganganu da yawa, har da waɗanda na ajiye tun ranar suna. Ya saurara bai katse ni ba.

Da na gaji ya ce, "Baba Dauda, abin da nic ce ranan nan, har yau hakanan na gane shi, ban iya miƙa mai abin da ban yarda da shi ba. Amma wurin da nic ce shi, da yadda nic ce shi, kullum shina cina. To, ni ban san hukuncin tayar suri ba, ban kuma tambayi kowa ba, don ban son a ba ni amsa. Abin da nis sani, tun da shagon nan yay yi shiru ban iya aiki. Sai in ga kamar ya tahi ya bar ni."

Ya goge ido da bayan hannu, ya roƙe ni in cire abin da ke cikin baƙin in sa a cikin tsohon, don kada uban ya gane an sani ya ji kunya. Na ce shi da ubansa duk jirgi ɗaya ne, kuma ni suka mayar jakin ɗaukar asirinsu. Ya yi murmushi ya ce gobe zai aiki Baba kai takardu wani wuri, ya kawo mini tsohon.

Haka aka yi. Na auna akwatin baƙin da na tsohon, tsawonsu ɗaya, yaron ko bai sani ba ya yi sa'a. Na ɗora ƙarfen dalma ya yi zafi, na narkar da ƙafafun tsohon akwatin na zare shi, na share ramukan, na dasa sabon na liƙe. Na mayar da tsohuwar tayar da robarta da yatsan Jibo ya lotsa, na rufe. Ko dattin bayan murfin ban goge ba. Da na murza sai ta amsa, ƙas, ƙas, da ɗan kauri fiye da ta da, amma tafiyar ita ce.

Na ce ni zan kai da kaina. Na tarar Jibo ya dawo daga aiken yana dube-duben ƙarƙashin tebur, hankali a tashe. Abdulwahid yana kan na'ura ya ba mu baya, wata Hajiya na tsaye da takardun 'ya'yanta tana jira, na'urar na ta gurnani tana fitar da shafuka. Na ajiye surin gaban Jibo na ce ni na aiko aka ɗauko, na samu wani ƙarfe a cikin shara na ce bari in gwada. Ya harare ni, ya jona, ya ɗora yatsa ba da wani fata ba.

Ƙas.

Ya tsaya cik. Ya sake murzawa, a hankali, sau uku ko huɗu, kai a karkace. Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, "Wagga ba ta shara ba ta, sabuwa ta. Kuma kai kunnenka ya mutu tun zamanin rediyo. Wa ya zaɓe ta?"

Na shiga gyara hulata. Ya daɗe yana kallona, sannan idonsa ya wuce ni ya sauka a bayan ɗansa. Na ga tsoron nan da ya gaya mini ya taso masa gaba ɗaya. Bai janye yatsan ba dai. Ya lumshe ido ya ci gaba da murzawa, kamar mai jiran a ce masa ya tashi.

Sai gurnanin na'urar ya yanke. Ba wuta ce ta ɗauke ba, fanka na juyawa. Abdulwahid ne ya kashe ta, yana tsaye yadda yake, bai juyo ba, hannunsa a kan murfin. Shagon ya yi tsit, ba abin da ake ji sai 'yar tayar nan.

Hajiyar ta duba shi ta duba takardunta, ta ce, "Malam, sauran shahi biyu hwa."

Ya ce, ba da ƙarfi ba, amma yadda har kusurwa za a ji, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Baba na wuridi, bari shi ida."

Yatsan Jibo ya tsaya. Hawaye ya gangaro ya shige cikin farin gemunsa, bai share ba. Hajiyar ta nemi benci ta zauna, ni ma na zauna kusa da ita. Can yatsan ya ci gaba, kuma wannan karon leɓɓansa na motsi.